Gawar Wa Aka Zana? Tsoffin Zanen Sassan Jiki da Haƙƙin Matattu a Kanmu

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin koyon aikin jinya a Vom, ko ya ga littafin ɗalibin likitanci da ke shiga mota daga Bukuru zuwa Jami'ar Jos da sassafe, ya san hoton nan: mutum a tsaye babu fata a jikinsa, tsokoki a bayyane, jijiyoyin jini wasu ja wasu shuɗi, an ja layi daga kowace gaɓa zuwa sunanta. Hoton ya zama ruwan dare, har a bangon kemis ana ganinsa, har a jikin motar masu tallar maganin gargajiya da lasifika. Saboda sabo, ba mai tsayawa ya tambayi inda mai zanen ya ga abin da ya zana. A jikin gawa ya gani. Babu wani sahihin zane na cikin ɗan Adam, tun daga na ƙarni na 16 har zuwa na littattafan yau, da bai samo asali daga wani mutum da aka kwantar a kan tebur aka feɗe ba. Mutumin nan uwa ce ta haife shi, yana da suna, kuma a mafi yawan tarihin wannan ilimi ba a nemi yardarsa ba. Abin da nake son kafawa shi ne, feɗe gawa don koyar da likitoci abu ne da ba makawa, kuma duk wanda aka taɓa yi wa tiyata ya ci moriyarsa. Amma hanyar da ake samo gawarwakin a Najeriya har yau tsohuwar hanya ce mai ɗora nauyin gaba ɗaya a kan marar gata, kuma gari irin Bukuru, wanda baƙi suka cika shi tun farkonsa, yana da dalili na musamman na neman a gyara.

Mu fara da abin da ya sa ba makawa. Mahaucin da ke sayen sa a karar Bukuru ya san cikin dabba irin sanin da ba a samu a littafi. Da wuƙa ɗaya zai raba tumbi da hanji, ya zare maɗaciya daga jikin hanta ba tare da ta fashe ta ɓata naman ba, ya ɗaga huhu ya duba ya ce wannan saniya ta daɗe da ciwo. 'Yan kilomitoci daga nan, a Vom, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a 1924 lokacin da bushiya ke ƙarar da garkuna ta yi ƙarni guda likitocinta suna buɗe mushe don gano abin da ya kashe shi. Wannan ilimi ne na gaske, sai dai na dabba ne, kuma tarihi ya nuna irin kuskuren da ake faɗawa idan aka ɗauke shi aka jingina wa mutum. A Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitoci biyu, Herophilus da Erasistratus, sun feɗe gawarwakin mutane, daga nan ƙofar ta rufe har tsawon ƙarnoni. Jalinusu, babban likitan daular Rum a ƙarni na 2, wanda malaman Musulunci suka fassara littattafansa suka kuma girmama shi, birai da aladu da shanu da tumaki ya feɗe, sannan ya rubuta abin da ya gani a matsayin siffar mutum. Ya ce a gindin ƙwaƙwalwa akwai wata ragar jijiyoyin jini; tana nan a kan tunkiya da sa, amma babu ita a kan mutum. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Ya ce akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba ɓarin dama da na hagu na zuciya, jini na ratsawa ta cikinsu. Fiye da shekara 1,000 ana karantar da waɗannan maganganu daga Bagadaza har Turai, malami ya karɓa daga malami, saboda ba a buɗe jikin mutum an duba ba.

Waɗanda suka fara tsaga wannan bango daga cikinsu akwai malaman Musulmi, kuma yadda suka yi abin lura ne. Abdul Latif al-Bagadadi yana Masar lokacin muguwar yunwar da ta afka wa ƙasar tsakanin 1200 da 1202. A wani wuri kusa da Alƙahira ya tarar da tarin ƙasusuwan mutanen da yunwa ta kashe, ya duba ƙoƙon kai fiye da 2,000, ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne ba biyu ba. Bai ɓoye girman Jalinusu a idonsa ba, amma ya tsaya a kan cewa abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa gani ya kori ji. Bayansa Ibn al-Nafis, haifaffen yankin Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya yi sharhi a kan babin sassan jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina, ya musanta waɗancan kafofi na zuciya, ya ce jini na fita daga ɓarin dama ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya dawo ɓarin hagu. Wannan ya riga William Harvey na Ingila, wanda ya bayyana zagayawar jini a 1628, da kusan ƙarni huɗu. Duk da haka Ibn al-Nafis da kansa ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa. Ga kuma zanen da ya fito daga wannan duniyar: a ƙarshen ƙarni na 14 Mansur ibn Ilyas na Shiraz a ƙasar Farisa ya wallafa littafin sassan jiki mai ɗauke da manyan hotuna na ƙashi, da jijiyoyin ji, da tsoka, da hanyoyin jini iri biyu, da kuma mace mai ciki. Mutumin da ke cikin hoton a tsugune yake, gwiwoyi a buɗe, jijiyoyi an ja su da tawada kala-kala. Zane ne mai kyau, kuma ya taimaki ɗalibai haddar darasi, amma ana ganinsa an san daga littafi aka zana shi ba daga gawa ba. Hanta da zuciya suna inda nassi ya ce suke, cikin siffar da nassi ya ba su.

Bambancin yana fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da littafin da Andreas Vesalius ya buga a Basel a 1543, yana ɗan shekara 28, yana koyarwa a Jami'ar Padua ta Italiya. Kafin shi, tun zamanin Mondino na Bologna wajen 1315, ana feɗe gawa a jami'o'in Italiya, amma farfesa yana zaune a kujera mai tsawo yana karanta Jalinusu, wanzami na ƙasa yana yanka. Vesalius ya sauko ya karɓi wuƙar da hannunsa, ya sa gwanayen zane suka zana abin da ke gabansu, aka sassaƙa hotuna fiye da 200 a kan katako, aka tsallaka da su duwatsu zuwa maɗaba'a. Akwai jerin hotunan tsoka da ke bin mutum ɗaya ana ɓare shi sannu a hankali. A na farko yana tsaye da ƙarfinsa, tuddan yankin Padua a bayansa. Kowane shafi ana cire wani rufi, tsokokin da aka yanke suna reto daga gaɓoɓi. Zuwa hoto na bakwai ya kasa tsayuwa: igiya ce ta riƙe shi ta kai, kan ya karkata baya, hannaye sun saki, an kwashe kayan ciki, an ciro tantanin da ya raba ƙirji da ciki an manna shi a bango a gefensa. Igiyar nan ba ado ba ce. Da ita ake ɗaga gawar a ɗakin aiki don mai zane ya gani, kuma tana tuna wa mai kallo daga inda gawar ta fito. Vesalius ya ba da labarin yadda ya saci ƙasusuwan wani da aka rataye a bayan garin Louvain tun yana ɗalibi. A Padua wani alƙali ne ke ba shi gawarwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ƙwarangwal ɗin wani da aka kashe a Basel a 1543, wanda Vesalius ya harhaɗa da hannunsa, yana jami'ar garin har yau. Da waɗannan mutane aka gyara kurakuran shekara 1,000, kuma ba wanda ya tambaye su.

Birtaniya ce ta mayar da abin doka, kuma tata dokar ce ta biyo mu har gida. A 1752 majalisarsu ta ce a miƙa gawar mai kisan kai ga likitoci a feɗe, a matsayin ƙarin azaba bayan rataya. Da makarantu suka yi yawa gawa ta yi kaɗan, sai sana'ar tonon kabari ta kankama, har iyalai suka riƙa gadin makabarta da dare. A Edinburgh a 1828 wasu mutum biyu, Burke da Hare, suka ga tono wahala ne, suka kashe mutum 16 suna sayar wa wani malamin sassan jiki mai suna Robert Knox. Abin kunyar ya sa aka yi dokar 1832, wadda ta rufe kasuwar ɓarayin kabari ta hanyar ba makarantu gawar duk wanda ya mutu a gidan gajiyayyu ko asibiti ba wanda ya zo ya ɗauka. Hukuncin da a da ake yi wa mai kisan kai ya koma kan wanda laifinsa kawai talauci ne. Daga irin waɗannan gawarwaki Henry Gray da mai zanensa Henry Vandyke Carter suka yi aikin littafin Gray's Anatomy na 1858, wanda sababbin bugunsa ke kan kantar kowace makarantar likitanci a ƙasar nan. Afirka ma ta ba da nata kason ba da son ranta ba: Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu da aka yi ta nunawa a Turai ana karɓar kuɗi, ta mutu a Paris a 1815, Georges Cuvier ya feɗe ta, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mayar da ita gida an binne ba sai a 2002. Mafi muni shi ne littafin Eduard Pernkopf na Vienna, wanda ƙwararru da yawa ke cewa ba a taɓa zanen da ya kai nasa daidaito ba. Pernkopf ɗan jam'iyyar Nazi ne, kuma binciken da Jami'ar Vienna ta fitar a 1998 ya gano an kai wa sashensa gawarwakin aƙalla mutum 1,377 da gwamnatin Hitler ta kashe. An daina buga littafin, amma har yanzu akwai likitocin tiyata da ke buɗe shi idan aiki ya cije, kuma har yanzu ana muhawara ko ya halatta.

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari a Najeriya ita ce dokar ilimin sassan jiki ta 1933, wadda Turawan mulkin mallaka suka yi shekaru kaɗan bayan buɗe makarantar likitanci ta Yaba a Legas a 1930, bisa tsarin waccan ta 1832. Ta ba wanda gawa ke hannunsa bisa doka ikon miƙa ta ga makaranta, muddin mamacin bai hana ba tun yana raye kuma danginsa ba su hana ba. A takarda wannan kamar kariya ce. A zahiri kariya ce ga wanda danginsa suka san ya mutu kuma suka san inda gawarsa take. Wani bincike da aka buga a mujallar Clinical Anatomy a 2011 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na gawarwakin da ake koyarwa da su a makarantun likitancin Najeriya na waɗanda aka kira masu laifi ne da aka harbe, galibinsu samari, galibinsu talakawa. Kalmar masu laifi tana ɓoye abu mai nauyi, domin da yawansu waɗanda ake zargi ne da ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A 2021 BBC ta ba da labarin wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Calabar da aka yaye zane daga gawar da rukuninsu zai yi aiki a kanta, sai ya ga abokinsa ne, da raunin harsashi a ƙirji, alhali iyalinsa suna ta yawo daga wannan ofishin 'yan sanda zuwa wancan suna nemansa. An gano wannan saurayi ne saboda sa'a ta kai shi teburin wanda ya san fuskarsa. Sauran da ba su yi wannan sa'a ba fa? Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana damun masu lura: jikin da ɗalibinmu ke feɗewa baƙi ne, amma hotunan littafinsa kusan duk na farar fata ne. Shi ya sa zanen ɗan tayi baƙar fata a cikin mahaifiyarsa da wani matashin ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, ya yi ya zagaya duniya a ƙarshen 2021. Mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa ba.

Me ya sa na ce abin ya shafi Bukuru fiye da wasu wurare? Saboda gawar da ake cewa ba ta da mai ita kusan kullum gawar baƙo ce, kuma kuza ta mayar da wannan yanki matattarar baƙi tun farkon ƙarni na 20. A ƙasar Berom ta Gyel garin ya tashi, jirgin ƙasa ya iso shi daga Zariya tun kafin 1920, leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Tibi da kudu. Tsakanin 1942 da 1944 Turawa suka kwaso dubban talakawa aikin tilas a ramukan kuza saboda buƙatar yaƙi, sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe da yawa nesa da danginsu. Yau ma garin cike yake da irinsu: ɗan cirani mai tura baro a kasuwa, yaron mota, mai gadi, samarin da ke shiga ramin haƙar ma'adinai da bai da kariya, almajirin da iyayensa ke can wata jiha. Idan mota ta buge ɗaya daga cikinsu a hanyar Bukuru zuwa Jos, babu takarda a aljihunsa, wayarsa ta ɓata a wurin, to sunansa a mutuware ba a sani ba ne, alhali wata tsohuwa na can ƙauye tana jiran ya aiko da kuɗin taki. Kuma mutanen da suka ga rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, na kowane ɓangare, ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda zuciya ke zama idan naka ya fita bai dawo ba kuma ba ka ga gawarsa ba.

Wani zai ce to a daina feɗe gawar gaba ɗaya, tunda addini ya hana. Wannan magana tana da tushe. Alƙur'ani ya tabbatar da karramawar da Allah ya yi wa 'yan Adam, kuma akwai hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Amma malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukar mas'alar a rufe ba. A Muhtasar ta Shehu Halilu, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an tattauna tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa, kuma malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan tsaga cikin matar da ta mutu da jariri mai rai. Wato tun da can ana auna alfarmar mamaci da haƙƙin mai rai. A wannan zamani majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa a 1976, sannan majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1987 ta halatta feɗe gawa saboda dalilai uku: binciken laifi, gano cuta, da koyar da likitanci. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa. Idan an san mutumin, sai da izininsa kafin ya mutu ko na magadansa. A tsaya iya buƙata. Gawar mace mata su yi aikinta idan akwai su. Kuma a binne dukkan sassan bayan an gama. Duk wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa zai ga addini bai rufe ƙofar ilimin ba, amma ya yi hannun riga da yadda ake samo gawar a wurinmu. Mai kishin addini na gaskiya a nan ya kamata ya nemi a cika sharuɗɗan.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce wannan: akwai gumakan roba, akwai kwamfuta mai nuna jiki ta kowace fuska, ɗalibi ya ɓare fata da yatsa ya mayar. Gaskiya ne waɗannan na taimakawa, kuma akwai makarantu a Ingila da suka gwada koyarwa ba gawa. Ya kamata makarantunmu su same su, don za su rage yawan gawar da ake buƙata. Amma abu biyu. Na farko, hoton kwamfutar ma daga gawa ya fito. Shahararren jikin da ɗakin karatun likitanci na Amurka ya saki a 1994 na wani fursuna ne da aka zartar wa hukuncin kisa a Texas a 1993, wanda ya ba da jikinsa ga ilimi. Aka daskarar da shi aka yanka shi yanka 1,871 ana ɗaukar hoton kowanne. Na biyu, kwamfuta jiki ɗaya take nunawa, tsaf-tsaf, kowace jijiya da kalarta. A ɗakin fiɗa ba haka abin yake ba. Ɗalibin aji biyu yana shiga warin fomalin ya sa idonsa hawaye, ya tarar da komai launi ɗaya ne, toka-toka, kitse ya lulluɓe abin da yake nema, sai ya yi sa'o'i da ɗan hantsaki yana tsincewa kafin ya ga zaren jijiyar da littafi ya zana da rawaya mai haske. Ya je teburin maƙwabta ya ga a can jijiyar jinin ta rabu a wani wuri daban. A nan yake koyon cewa babu mutum biyu da cikinsu ya zo ɗaya, kuma wannan darasi ne zai hana shi yanke abin da bai kamata ba ranar da za a kwantar masa da mai naƙudar da haihuwa ta gardama da tsakar dare.

Hujja ta uku ita ce ta fi yawo a bakin masu aikin: mamaci ba ya jin komai, kuma gawar da ba a nema ba ƙarshenta kabarin bai-ɗaya ne, to gara a amfana da ita. Ban yarda da wannan ba, saboda tana ɗauka cewa ba a nema ba da ba a so duk ɗaya ne. Sau da yawa ba a nema ba saboda ba a sani ba, ko saboda kuɗin mutuware da na mota sun fi ƙarfin dangi, ko saboda tsoron zuwa karɓar gawar wanda aka laƙaba wa fashi. Sannan akwai illar da ta wuce mamacin. Idan makaranta ta zama wurin da gawar wanda aka harbe ke ɓacewa ba bincike, to ta zama mataimakiyar ɓoye laifi ko da ba ta nufa ba. Kuma jama'a na lura. Yarda tsakanin talaka da asibiti a nan siririya ce. A 2023 zargin cire wa wata mata ƙoda a wani asibiti mai zaman kansa a Jos ya tayar da hankalin jihar baki ɗaya. Duk abin da ake yi a ɓoye da jikin mutum yana ƙara wa irin wannan tsoro ƙarfi, kuma tsoron ne ke sa a ƙi kai mara lafiya asibiti sai ya galabaita, a ƙi ba da jini, a ƙi binciken gawa ko da shi ne zai tona asirin wanda ya yi kisa. Ɗalibin ma abin na shafarsa. Majinyacinsa na farko shi ne wannan gawa, kuma idan darasin da ya ɗauka shi ne jikin talaka kaya ne, zai fita da darasin zuwa ɗakin marasa lafiya.

Saura hujjar da ta fi kowace ƙarfi, cewa a ƙasar nan ba wanda zai ba da gawarsa. Musulmi na gaggauta sutura cikin sa'o'i, Kirista ɗan ƙasa na son a kai shi ƙasar kakanninsa a binne, kuma babu ɗan da zai so a ce ya bar mahaifinsa a kan teburin ɗalibai. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce za a sauya shi cikin shekara biyar yaudarar kansa yake yi. Amma Ingilar da talakawanta suka yi ta bore saboda tsoron wuƙar likita yau ba ta karɓar gawa sai wadda mai ita ya sa hannu gaban shaida, bisa dokar 2004. A Thailand ɗalibai na kiran gawar da babban malami, ana yi mata addu'a da bikin girmamawa. A Jami'ar Tzu Chi ta Taiwan ɗalibai na ziyartar iyalin mamacin, su san tarihinsa, su ɗinke jikin bayan sun gama, su raka shi jana'iza. A waɗannan wurare mutane sun fara bayarwa ne bayan sun ga yadda ake riƙe abin da aka bayar. Ƙungiyar masana sassan jiki ta duniya ta ba da shawara tun 2012 cewa a koma ga gawar da aka bayar da yarda kaɗai, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta riga ta ba ɗan Najeriya damar yin wasiyya da jikinsa. Mu da ba za mu iya bayarwa ba amma muke zuwa a yi mana tiyata, akwai abin da ya hau kanmu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mafi ƙaranci shi ne mu tsaya wa waɗanda aka koya a jikinsu.

Abin da za a iya yi yanzu bai buƙatar jiran Abuja ta sake dokar 1933, ko da yake ta daɗe da isa a sake ta. Dokokin binciken mutuwar da ake shakka a kanta da tsarin mutuware na asibitocin jiha suna hannun Majalisar Dokokin Filato da ma'aikatar lafiya. Za a iya wajabta cewa duk gawar da ba a san mai ita ba a ɗauki hotonta da zanen yatsunta a rubuta a rajista, a gwada da rumbun lambar NIN da ya ƙunshi mutum fiye da miliyan 100, a yi cigiya a rediyo da Hausa da Berom da Turanci, a sanar da sarakunan kasuwa da shugabannin tasha da masu unguwanni, waɗanda su ne suka fi kowa sanin baƙon da ya ɓace. A yafe kuɗin ajiya ga dangin da suka zo a makare. Kada makaranta ta karɓi gawa mai raunin harsashi sai an kammala binciken musabbabin mutuwar a rubuce. Idan an gama karatu a kanta, makarantar ta ɗauki nauyin sutura da kabari na daban mai lamba, yadda ko bayan shekara goma dangi suka zo za a nuna musu wurin. Masu iya zama su tsara wannan suna nan kusa da juna fiye da ko'ina a Arewa: Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, asibitin Jankwano, hedikwatar Izala ta Jos da reshen Jama'atu Nasril Islam, hedikwatocin COCIN da ECWA, da kwalejin tauhidi ta TCNN da ke nan Bukuru. 'Yan agaji na masallatai da ƙungiyoyin coci sun daɗe suna yi wa gawar da ba ta da kowa sutura ba tare da an biya su ba; a ba su gurbi a kwamitin da zai riƙa duba rajistar, da ikon shiga su ƙirga gawarwakin da aka karɓa da waɗanda aka binne a kowace shekara.